Farantin Sola: Mu Haɗa da Hannunmu ko Mu Saya? Jawabin Kwamitin Wuta a Bikin Cikar Ƙungiya Shekara 20

 

Mai girma shugaban taro, iyayen ƙungiya, malamanmu, sarakunan kasuwa da na tasha, 'yan'uwa maza da mata da kuka taso daga Maraɗi, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Ƙonni da Illela, muna yi muku barka da zuwa. Allah Ya saka da alheri, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin bayani a kan tambayar da ta yi ta yawo a rumfunanmu: shin mutum ya haɗa farantin sola da kansa, ko ya saya na kamfani? Ba za mu amsa da ji-ta-ji-ta ba, domin mun gwada, kuma da kuɗin asusunku muka gwada. Saboda haka jawabin nan rabinsa shawara ne, rabinsa ba da lissafi.

Kowa a nan yana tuna 2023. A ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin man fetur a Najeriya, janareto ya koma abin kallo a shaguna da yawa. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, takunkumi ya biyo baya, aka rufe iyaka, aka kuma katse wutar da Najeriya ke tura wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Motocinmu suka yi cirko-cirko a bakin iyaka, albasa ta ruɓe a buhu, masu ƙanƙara suka kulle firiza. Sai a watan Maris na 2024 aka ba da umarnin buɗe iyakar daga ɓangaren Najeriya. A tsakanin nan, direba ko wayarsa bai iya cajawa balle ya gaya wa maigidansa halin da kaya ke ciki.

A cikin wannan hali ne wasu 'ya'yanmu da suka yi makarantar koyon sana'a suka zo mana da shawara. Suka ce sun gani a waya yadda ake haɗa faranti, a sayo musu ƙwayoyin sola, wato waɗannan ƙananan falle-falle masu launin shuɗi da ke cikin faranti, su kuwa za su yi sauran. Shawarar ta burge mu: ga araha, ga sana'a ga yara. Muka yarda.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Kowace ƙwaya tana ba da kimanin rabin bolt ne kawai. Kafin ka caja batir mai bolt 12 sai ka jera ƙwaya 36, ka liƙa su ɗaya bayan ɗaya da siririn zaren tagulla da dalma, su ba ka wajen bolt 18. Kaurin ƙwayar bai wuce na takarda biyu ba, ta fi ɓawon ƙwai saurin fashewa. Yaran suka zauna kwana da kwanaki suna liƙi. Kafinta ya yi akwatin katako, muka sa gilashin taga, aka toshe gefe da gam. Faranti shida aka gama. Ranar da aka fitar da su rana, mita ta motsa, fitila ta kama a ofishin ƙungiya, wallahi har kabbara aka yi. Kusa da su muka kafa guda ɗaya na kamfani da wani Alhaji daga cikinmu ya ba da kyauta.

Hunturu ya zo, hazo ya sami ƙofa ya shiga ƙarƙashin gilashi, inda tsumma ba ya kaiwa. Bazara ta zo, katako ya bushe ya karkace, gam ya tsage. Da damina ta sauka, sai muka riƙa ganin raɓa kwance a cikin gilashin da safe, zaren tagullan ya fara yin tsanwa, wuraren liƙi suka yi baƙi. Ɗaya ya ƙone a tsakiya, har katakon ya yi tabo. Kafin kaka, huɗu daga cikin shidan ba sa ba da rabin abin da suka fara da shi. Na Alhaji kuwa yana nan har yau, shafe shi kawai ake yi.

Kada wani ya ga laifin yaran. Hannunsu ya yi kyau. Abin da suka rasa injin ne. A masana'anta ana shimfiɗa ƙwayoyin tsakanin wata roba ta musamman, a zuƙe iskar da ke ciki kaf, a gasa da zafin da ya kai wajen digiri 150, har robar ta narke ta manne da gilashi ta zama abu guda. Babu inda laima za ta zauna. Gilashin ma ba irin na taga ba ne, gasasshe ne mai jure duka, firam ɗin kuma alminiyam ne da ba ya karkacewa. A bayan farantin akwai ɗan akwati mai na'urorin da ke ba wuta hanyar kewayewa idan inuwa ta rufe wani sashe. Amfaninsa shi ne, ƙwayoyin nan kamar ayarin raƙuma suke da aka ɗaure da igiya ɗaya: raƙumi ɗaya ya gurgunce, duk ayarin ya koma tafiyarsa. Idan kashin tsuntsu ko tsaga ya raunana ƙwaya ɗaya, sauran sukan tura mata wuta har ta ɗauki zafi. Abin da ya ƙona namu ke nan. Wannan haɗin ne ya sa manyan kamfanoni ke ba da garantin shekara 25, cewa farantin zai ci gaba da ba da aƙalla kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa.

Sai batun araha, wanda shi ya ja mu tun farko. Da ma'aji ya tara kuɗin ƙwayoyi, da waɗanda suka fashe a hanya, da gilashi, katako, dalma da ladan kafinta, ya raba da wat ɗin da muka samu, sai ga shi kowane wat namu ya fi na kanti tsada. Dalili a fili yake. Daga 2010 zuwa 2020 farashin faranti a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ake ƙerawa daga ƙasar Sin yake fitowa. Mu 'yan kasuwa mun san wanda ya sayi mudu ba ya karya wa mai tirela farashi.

To amsarmu ita ce: farantin a saya. Amma a nan ne maganar ta dawo kanmu, domin mu ne masu shigo da shi, mu ne masu kai shi ƙauye. Kuma gaskiya ɗaya ce, akwai algus a kasuwar nan. Akwai farantin da aka manna wa takardar wat 300 alhali cikinsa 150 ne. Akwai tsohon da aka cire daga wata ƙasa aka wanke aka sa a sabon kwali. Mai saye ya biya kuɗin 300, batir ɗinsa ba ya cika, cikin wata shida ya mutu, sai ya ce sola ƙarya ce. Wannan tauye mudu ne, kuma malamanmu suna nan, sun san sura guda aka saukar a kan masu tauye awo.

Gane shi ba wuya, tef ɗin tela ma ya isa. Hasken rana mai ƙarfi yana sauke wat 1,000 a kan murabba'in mita ɗaya, farantin zamani kuma yana kama kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wato kowane murabba'in mita wat 200 ne ko sama kaɗan. Faranti mai wat 300 na gaskiya sai ya kai wajen murabba'in mita ɗaya da rabi. In ka auna ka ga tsawo mita 1.2, faɗi santimita 70, aka ce maka 300 ne, ka ajiye ka yi gaba. Bayan tef, a fitar da shi rana tsaka a sa mita, a kwatanta da abin da aka rubuta a bayansa. A duba gilashi ko da tsaga, a duba ko robar ciki ta yi rawaya. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar farantin.

Ko na gaskiyar ma kada a yi wa mai saye alkawarin da rana ba za ta cika ba. Lambar da ke jiki an auna ta ne a sanyin digiri 25. A kan rufin kwano cikin watan Afrilu faranti yakan kai digiri 65, kuma kowane digiri na cin kusan kashi 0.4, ka ga kashi 16 cikin 100 ya tafi tun ba a zo kan ƙura ba. Ga misalin shago: ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa biyar, 200, fanka mai wat 60 na awa takwas, 480, cajin waya ashirin, wajen 300. Jimla kusan 1,000 a yini. Faranti mai wat 300 a rana ta awa biyar zai ba da 1,500, a cire kashi ɗaya cikin uku na zafi, ƙura da waya, saura 1,000. Ya yi daidai, babu rara. Wanda ya ce zai ƙara firiza a kai, a gaya masa gaskiya tun kafin ya biya. Batir mai ruwa kuma kada a sha fiye da rabinsa, kuma kada a haɗa shi da faranti kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba.

Shin mun ce hannun gida ba shi da wuri ke nan? A'a. Ƙarfen da faranti zai zauna a kai, mai waldanmu ne zai yi, ya fuskantar da shi kudu, ya ɗan kishingiɗa shi kamar digiri 15, ya bar sarari a ƙasa iska ta ratsa. Jan waya, lissafin kaya, gyaran inbata, wanke faranti da sassafe, duk aikinmu ne. Akwai kuma na'urorin rana da suke karɓar haɗin gida sarai, irin akwatin busar da tumatir da tattasai, da murhun rana, da tukunyar ɗumama ruwa. A kan irinsu Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi aiki tun da ya karɓi ofishin makamashin rana na Nijar a 1969, kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana ƙera su. Mu da tumatir ke ruɓe mana duk shekara, nan ya kamata mu sa kafintocinmu.

Yaran nan da suka liƙa ƙwaya 216 da hannunsu, yau babu mai yi musu wayo a kan faranti. Uku daga cikinsu da aikin kafa sola suke ci, suna tsallaka iyaka ana kiransu. Wannan ita ce ribar da muka samu a cikin hasarar, kuma cikakken lissafin kuɗin yana hannun ma'aji ga duk mai son dubawa.

Muna roƙon taro ya amince da abu biyu. Na ɗaya, duk ɗan ƙungiya mai sayar da faranti ya auna shi a gaban mai saye, ya kuma rubuta ainihin wat ɗin a rasit. Wanda aka kama da takardar ƙarya a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa. Na biyu, a saya mita biyu, ɗaya a ofishinmu na wannan ɓangare, ɗaya a na wancan, yaran nan su riƙa gwada wa jama'a a kan ɗan kuɗi kaɗan. Farantai biyun da suka rage na haɗin gida mun bar su a ofis don koyar da masu tasowa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya sa albarka a cinikinmu.