Jawabin Malamin Makaranta a Taron Ƙungiya: Namun Dajinmu



Tsofaffin Hawandawaki sun san barewa da kura a dajin nan. Yaran da nake karantarwa kuwa, sai a hoto. Fari da farauta da faɗaɗar gonaki suka kore su.

Amma ɓarna tana gyaruwa. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a Nijar. Da aka tsare su, suka haura 600. A 2018 an ɗauko takwas daga Kure, aka kai gandun Gadabeji, cikin jiharmu ta Maraɗi.

Mu nan, kunkuru da zomo suka saura. Roƙona gare ku: kada a kai kunkuru kasuwa, kada a sa wa daji wuta.

Allah shi ba mu damana mai albarka, amin.