Maganin Zafin Ciwo da Taurin Bayan Gida: Jawabi ga Masu Ziyarar Marasa Lafiya

Yau za mu taɓo maganar da kunya ke hana mutane faɗa, wato bayan gida.

Kwanakin baya mun ziyarci wata baba a wani ƙauye kusa da Kebbe. An sallamo ta daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake duba ciwon dajin mama da take fama da shi. Likita ya rubuta mata magani iri biyu: mofin domin zafi, da na sassauta ciki. Kuɗi bai kai ba, sai 'ya'yanta suka sayi na farkon kaɗai. Ta kwana shida ba ta zaga ba, ta kasa gaya wa ɗanta. Sai ta daina shan mofin ɗin, zafi ya dawo, barci ya gagara.

Ga dalili. Mofin, tiramadol da kodin suna rage zafi, amma suna kuma rage motsin hanji. Abinci yakan daɗe a ciki, ruwansa ya tsotse, ya yi tauri. Tashin zuciya da yawan barci sukan ragu bayan 'yan kwanaki, amma hanji ba ya sabawa. Shi ya sa likitoci ke haɗawa da maganin sassauta ciki tun ranar farko, kamar ƙwayar senna, bisacodyl ko ruwan lactulose. A Amurka an amince da methylnaltrexone a 2008 da naloxegol a 2014, masu kwance hanji ba tare da hana maganin zafi aiki ba. Amma da waɗancan na farko ake farawa, kuma sun fi araha.

Aikinmu a kowace ziyara shi ne mu tambaya a hankali, mace ga mace, namiji ga namiji: "Baba, yaushe rabonki da zagawa?" In an kai kwana 3, a gaya wa ma'aikacin lafiya. A yawaita ruwa, a ba da gwanda da miyar kuɓewa, a taimaka wa mai ciwo ya ɗan taka. Kada a dafa masa filasko a gida, gama ba mu san awonsa ba. In ciki ya kumbura, ana amai, iska ba ta fita, kada a ba da komai, a garzaya babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe. Kuma kada a tsayar da maganin zafi ba da izinin likita ba.

Babar nan, da aka sayo maganin na biyu, ta samu sauƙi, ta koma shan mofin ɗinta, tana barci. Allah ya ba mu hikima da tausayi cikin wannan hidima. Amin.