Minshari, Ɗaukewar Numfashi da Robar Baki ta Barci

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu likitan haƙori ya yi wa jama'a a wajen taron ƙungiya a nan Obiagu, Inugu. Mun buga shi ne domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba, musamman 'yan'uwanmu mazauna Anacha da Fatakwal.





Da aka ce likitan haƙori zai yi magana a kan minshari, na ga wasu suna dariya tun daga bakin ƙofa. Wani dattijo ma ya tare ni ya ce, "Likita, me ya haɗa kifi da kaska?" To Baba, a yi mini haƙuri kaɗan, in Allah Ya yarda kafin mu tashi za a ga abin da ya haɗa su.

Sa'ad da na fara zuwa garin nan karatu, a wani ɗaki aka sauke ni a nan Obiagu, mu shida. A cikinmu akwai wani bawan Allah direban tirela, mai kawo shanu daga Arewa. Mutum ne kakkaura mai gajeren wuya, ga kirki ga kyauta. Amma in ya kwanta, to sauran mutane sun gama barci, har Janareto mu kan ce masa. Yana cikin minsharin sai ka ji tsit, kamar an kashe inji. Ka ƙirga goma, ka ƙirga ashirin, shiru. Can sai ya zabura ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, ya koma ya ɗora daga inda ya tsaya. Da rana kuwa goro ba ya barin bakinsa, kuma duk da haka kuna cikin hira sai ka ga yana gyangyaɗi. Bai cika shekara 50 ba ɓarin jikinsa ya shanye, aka ɗauke shi aka mai da shi gida. Yau da na san abin da na sani, na gane ashe alamun ciwo ne suke bayyana a gabanmu kowane dare, mu kuwa muna dariya.

YADDA ABIN YAKE

Jama'a, hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa huhu, a daidai maƙogwaro ba ta da ƙashi. Nama ne zalla, kamar mesar ruwa mai laushi. In mutum yana farke, tsokar wurin tana riƙe da ita a buɗe. In ya yi barci sai jiki ya saki, muƙamuƙin ƙasa ya koma baya, harshe ya bi shi, hanya ta tsuke. Iskar da ke kutsawa ta wannan matsi ita ke kaɗa ganɗa da beli, wannan ƙara ita ce minshari.

In tsukewa ce kawai, da sauƙi. Amma a wajen wasu hanyar toshewa take yi ɗungurungum. Ƙirji yana ja, iska ba ta shiga. In haka ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, likitoci suna ƙirga ta a matsayin ɗaukewar numfashi guda. Iskar oksijin da ke cikin jini sai ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi ɗan kaɗan, ya ja numfashi, ya koma barci, da safe kuma bai san an yi ba. Wanda abin ke faruwa gare shi sau 5 zuwa 15 a awa guda, nasa mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 30 matsakaici. Abin da ya haura 30 ya yi tsanani. Ku lissafa da kanku: sau 30 a awa, barcin awa 7, sau 210 ke nan aka shaƙe mutum a dare ɗaya. Wace zuciya ce za ta jure wannan shekara da shekaru?

Shi ya sa wannan ciwo yake tafiya tare da hawan jini, musamman irin wanda ake ta shan magani ba ya sauka, da ciwon zuciya, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki. Kuma ba ciwon Turawa ba ne. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2019 ya nuna mutane kusan miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da shi.

'Yan'uwana direbobi, wannan naku ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 67 a cikin daƙiƙa 3. Ku tuna da gangaren Ugwu Onyeama, ku tuna da cunkoson manyan motoci a Nayin Mayil, ku ce idonku ya rufe na daƙiƙa 3 da kaya a baya. Bincike ya nuna direba mai wannan ciwo da ba a yi masa magani ba, haɗarin da yake ciki ya ninka na sauran direbobi fiye da sau biyu. Goro da shayi mai kauri ba sa biyan bashin barci, jinkirta shi kawai suke yi. Barci kuwa ɓarawo ne, ba ya sallama.

YAYA ZA KA GANE?

Mai minshari ba ya jin minsharinsa. Saboda haka babban mai shaida shi ne wanda kuke kwana tare: uwargida, ko abokin ɗaki, ko yaron mota. Iyayenmu mata, don Allah kada kunya ta hana ku faɗa. In kin ga numfashin maigida yana tsayawa, ki gaya masa cikin ladabi, ceto ne kika yi. Maza kuma in an gaya muku kada ku ce raini ne. Su ma mata suna kamuwa, musamman bayan al'ada ta ɗauke.

Sauran alamu su ne tashi da ciwon kai ko bushewar baki, yawan fita fitsari da dare, gajiya ko da an daɗe a kwance, mantuwa, saurin fushi, da gyangyaɗi a shago ko a sahu ana huɗuba. Wasu su kan farka a firgice suna neman iska su ce dannau ne. Ka tambayi telanka awon wuyanka: namiji in ya kai inci 17, mace inci 16, sai a lura.

INJI KO ROBA?

Babban maganin da aka fi sani shi ne wani inji da ake kira CPAP, wanda wani likita mai suna Colin Sullivan ya fito da shi a Sidni ta ƙasar Ostareliya a 1981. Ana ɗaura wa mutum wani marufi a hanci, injin ya riƙa hura iska a hankali don kada hanya ta rufe. Gaskiya ita ce babu abin da ya kai shi aiki, musamman ga mai ciwo mai tsanani. Amma yana da tsada, kuma wuta yake so har gari ya waye. Halin wutarmu kuwa, ko an ce EEDC ko an ce NEPA, kowa ya sani. Wanda rabin watansa a kan hanya yake, yau Lafiya gobe Makurɗi, a ina zai jona shi?

To Baba, ga inda kifi ya haɗu da kaska. Tun da muƙamuƙin ƙasa ne ke komawa baya ya ja harshe, in aka riƙe shi a gaba hanya za ta zauna a buɗe. Kowa ya gwada yanzu: ka yi ƙarar minshari da bakinka. To, turo haɓarka gaba har haƙoran ƙasa su wuce na sama, ka sake gwadawa. Kun ji ya yi wuya, ko? Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun farkon ƙarni na 20 wani likita Bafaranshe, Pierre Robin, ya yi irinta domin yara masu ƙaramin muƙamuƙi. A 1982 kuma aka fito da wata a Amurka mai riƙe harshe. Wadda aka fi amfani da ita yau roba ce mai tauri, falle biyu, ɗaya ta hau haƙoran sama ɗaya ta hau na ƙasa, da wani ɗan maɗauri da ke turo na ƙasan gaba da 'yan milimita kaɗan. Da dare ake sawa, da asuba a cire. Ba ta son wuta, ba ta ƙara, tana shiga aljihun riga. A 2015 ƙungiyoyin likitocin barci da na likitocin haƙori masu wannan fanni a Amurka suka fitar da ƙa'ida cewa a ba da ita ga babba mai minshari, da kuma mai ɗaukewar numfashi wanda ya kasa jure injin ko ya fi son robar, da sharaɗin likitan haƙori ne zai auna ya yi ta daidai bakin mai ita.

Yadda ake yi shi ne, da farko likita ya duba ka, a yi gwajin barci a san matsayin ciwon. Sa'an nan likitan haƙori ya duba haƙora da dasashi da gaɓar muƙamuƙi, ya ɗauki awon baki, a kai wa masu haɗawa. Irin waɗannan masu haɗa kayan haƙori, a nan garin namu aka daɗe ana koyar da su, a makarantar da ke Trans-Ekulu, wadda aka kafa a Ikko a 1955 aka dawo da ita Inugu a 1982. In an ba ka robar, ba a turo muƙamuƙi gaba ɗaya a rana guda. Kaɗan-kaɗan ake ƙarawa cikin makonni, har minshari ya lafa. Daga nan a sake gwaji da robar a baki, domin ana iya samun ƙara ta ragu alhali numfashi bai daina ɗaukewa ba.

Ba zan yi muku irin tallar masu magani a mota ba, waɗanda ƙwaya ɗaya ke warkar da cuta arba'in. Cikin mutum uku, kusan biyu su kan sami sauƙi mai yawa, ɗaya kuwa ba ta yi masa wani abin kirki. Ta fi dacewa da mai ciwo mai sauƙi ko matsakaici. A makonnin farko akwai yawan miyau ko bushewar baki, da tsamin muƙamuƙi da safe. In an daɗe ana sawa ta kan ɗan gusar da haƙora, shi ya sa ake komawa wajen likita bayan wata shida, daga nan shekara-shekara. Kuma ba warkarwa take yi ba. Kamar tabarau ce, daren da ba ka sa ba ciwo yana nan.

Sa'an nan tana bukatar abin kamawa, watau lafiyayyun haƙora kamar 8 zuwa 10 a sama, haka kuma a ƙasa. Mai yawan giɓi, ko wanda haƙoransa ke girgiɗa, ko dasashinsa ke jini, sai an gyara wannan tukuna. Kun ga ashe asuwaki da buroshi suna da wata rana ta daban. Ita ma robar a wanke ta kullum da ruwan sanyi da buroshi. Ruwan zafi lanƙwasa ta yake yi, haka ma barin ta a gaban mota cikin rana.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Na ɗaya, robar da ake sayarwa a kanti ko ta intanet, wadda ake tsomawa a tafasasshen ruwa a ciza. Ba a auna ta da bakinka ba, ta kan faɗo cikin dare, ta kan jawo ciwon muƙamuƙi, kuma ta sa ka zaci ka yi magani. Araha ba ta ado. Kada kuma a ari ta wani.

Na biyu, da girmamawa ga wanzamanmu, kada a je a yanke beli saboda minshari. Toshewar ta fi beli zurfi, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta ta ƙarfen da bai tsarkaka ba.

Na uku, ƙwayar barci, da tiramol, da maganin tari mai kodin, da giya. Duk suna ƙara sakin maƙogwaro, wasunsu ma suna danne numfashin kansa. Taba kuma tana kumbura hanyar iska.

Na huɗu, wannan roba ba ta yara ba ce. Yaron da ke minshari kullum yana barci baki buɗe, galibi kumburin naman maƙogwaro ne ko na bayan hanci. A kai shi asibiti, balle in mai sikila ne.

Akwai kuma abin da kowa zai iya farawa yau ba tare da ko kwabo ba. A bar kwanciya rigingine, a kwanta a kan gefe, kamar yadda malamanmu suka karantar da mu. Mai teɓa ya rage ta, domin kitsen wuya da na harshe suna matse hanya, kuma rage nauyi ko kaɗan ne yana taimakawa. Direban da ya ji idonsa ya yi nauyi ya faka ya runtsa. Gara a ce ka makara da a ce Allah Ya ji ƙanka.

Wanda ya ga alamun nan a jikinsa ya je Asibitin Koyarwa na Ituku-Ozalla ko na Parklane, ya fara da a auna masa jini, ya gaya wa likita ƙarara cewa numfashinsa yana tsayawa cikin barci, ya nemi a tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro. In da hali ya tafi da wanda ya shaida abin, ko a ɗauki minsharin a waya a kunna wa likita. Ina kuma roƙon shugabanni, ƙungiya ta duba yiwuwar tallafa wa marasa ƙarfi a cikinmu da kuɗin gwaji. Mu baƙi ne a nan, kowannenmu akwai bakuna da yawa a gida da ke jiran abin da zai aika. In mutum ɗaya ya kwanta, gida guda ne ya kwanta.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya da masu masaukinmu. Allah Ya kiyaye matafiyanmu a kan hanya, Ya ji ƙan magabatanmu.