Jawabin Ƙaddamar da Aikin Awon Iska a Yankin Kolmani

 

Abin da ya tara mu yau ɗan bututu ne da bai wuce tsawon yatsa ba, da gawayi na musamman a cikinsa. Za a rataye shi ƙarƙashin rumfa, ya yi mako ɗaya ko biyu yana zuƙe tururin sinadaran da ke yawo a iska, sannan a toshe shi a kai ɗakin bincike. Wanda muka fi nema cikin sinadaran shi ne benzin, mai fita daga ɗanyen mai da fetur da hayaƙi. Wanda ya daɗe yana shaƙarsa na iya kamuwa da sankarar jini, kuma hanci ba ya jin warinsa sai ya riga ya yi yawa.

A watan Nuwamba na 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da haƙar mai a nan Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Mun yi murna, muna kuma fatan alheri. Amma mu dubi 'yan'uwanmu na ƙasar Ogoni a Jihar Ribas. Tun 1958 aka fara haƙo mai a wurinsu, sai a 2011 rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito. Duk inda aka auna iska an sami benzin, a ruwan rijiyoyin garin Nisisioken Ogale kuwa ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Shekara hamsin da ɗoriya suna kuka, alƙaluma sun zo bayan ɓarna ta auku. Mu muna so mu san yadda iskarmu take tun yanzu, domin in ta sauya gobe mu riƙe hujja a hannu.

Awon nan ba zai yi wa kowa kara ba, har mu kanmu. Zai nuna tururin jarkokin 'yan bumburutu, da hayaƙin janareta, da na ledar da muke ƙonawa, da na murhun da iyayenmu mata ke wuni a gabansa da goyo a baya.

Roƙonmu shi ne a tsare bututun nan, a hana yara taɓa shi. Alƙawarinmu kuma, kowane sakamako ya fito, da Hausa za a karanta muku shi a ƙofar fada.

Ranka ya daɗe Hakimi, muna roƙon ka sa albarka, ka rataya bututu na farko da hannunka.