Hunturu da Zaman Babban Birni



Da yawa daga cikinku za ku bar Zuru wata rana, aiki ya kai ku Kano ko Sakkwato. Saboda haka na ga ya dace mu duba yadda sanyi yake shafar zaman mutum a babban birni.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta baza mana. Ita ce hunturu. Da yake busasshiya ce, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere da dare, shi ya sa sanyin asuba ya fi tsanani. Ko da yake sanyin Kano bai kama ƙafar na Mosko ba, inda ruwa kan daskare watanni, mazaunin Mosko yana kwana a ɗakin da aka ja wa bututun ruwan zafi. Ashe wahalar sanyi tana ga rashin shiri.

Kakanninmu sun yi nasu shirin. Katangar ƙasa mai kauri da rufin soro sukan riƙe ɗumin rana, su sake shi sannu a hankali cikin dare. Da muka koma ga bulo da kwano, sai ɗakin talakan birni ya zama tanda da bazara, randa da hunturu. Shi kuwa almajiri ko ɗan cirani mai kwana a tasha, ko wannan bai samu ba.

Mai jin sanyi wuta yake nema, wuta kuwa a busasshen lokaci masifa ce. Garwashin da aka shiga da shi ɗaki aka rufe ƙofa yana kashewa ba tare da ya ƙona ko tabarma ba, domin iskar da yake fitarwa guba ce. Kasuwa kuma in ta kama, iska ce ke hura ta. Mun ga yadda babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairun 1921 da ɗari, watau 2021.

Birnin Landan ya taɓa shiga irin wannan hali. A Disamban 1952 hayaƙin kwal da mutane suke ƙonawa don ɗumi ya haɗu da hazo, ya hallaka mutum wajen dubu huɗu cikin 'yan kwanaki. A 1956 majalisarsu ta kafa dokar tsabtace iska, al'amura suka sauya.

To, ku ne gobe za ku sa hannu a takardun izinin gini da tsarin kasuwa. Kafin ku sa, ku tambaya: motar kashe gobara za ta iya shiga? An bar wurin itatuwa? Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.