Jawabin Shugaban Sashe a Bikin Ƙaddamar da Littafin Ilimin Zamantakewa

Mai martaba Sarki, uban taro, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Shugaban Jami'a. Babban mai ƙaddamarwa. Iyayenmu hakimai, shehunan malamai, 'yan jarida, ɗalibai, da sauran jama'a maza da mata.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Sashenmu ya yaye ɗalibai barkatai da ke aiki a ma'aikatu, gidajen gyaran hali da ƙungiyoyin agaji, malamanmu sun samu ƙarin girma, ga shi yau muna ƙaddamar da littafi da Hausa a kan ginshiƙan ilimin zamantakewa da nazarin al'adun ɗan Adam: iyali, dangantaka, matsayi, al'ada, da yadda yaro ke tasowa ya ɗauki tarbiyyar gidansu.

Na ji daɗi da marubucin bai fara da Auguste Comte ba. Ya fara da Ibn Khaldun, wanda tun 1377 ya yi bayanin asabiyya a Muƙaddimarsa, wato abin da ke ɗaure jama'a har su kafa mulki, in ya yi sanyi mulkin ya rushe. Misalansa kuma na gida ne: gandu, kunyar ɗan fari, wasan taubasai. Af, na hango shugaban tsangayarmu, Babarbare, an zaunar da shi kusa da Bafillace. Masu tsara kujeru, Allah ya yafe muku!

To, ranka ya daɗe Shugaban Jami'a, ka yi haƙuri zan ajiye takardar nan. Wannan ilimi ba a samun sa a ofis. Mary Smith zama ta yi a gaban wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, tana saurare tana rubutawa, aka samu littafin Baba ta Karo a 1954. Abner Cohen ya zauna cikin Hausawan Sabo a Ibadan, ya gano yadda fataucin goro da shanu ya tsayu a kan amanar maigida da dillali. Littafinsa ya fito a 1969. Polly Hill ta tare a Batagarawa, kusa da Katsina, tana bin manoma gida-gida. Daga ƙetare suka zo! Mu kuwa ɗalibinmu ko kuɗin motar zuwa ƙauyen da ke bayan katangar jami'a ba ya samu. Sai ya zauna a ɗaki, ya cike takardun tambayoyi da hannunsa, ya kwaso sauran daga intanet, ya kawo mini in sa hannu. Ba zan sa ba. Ɗalibai, ku daina dariya, da ku nake.

Amma laifin ba nasu ne kaɗai ba. Ana ta kuka da shaye-shaye, mutuwar aure da rikicin manoma da makiyaya, alhali an bar masu binciken tushen abin ba mota, ba na'urar ɗaukar murya, ba ko kuɗin kwana. Duk shekara muna rubuta takarda, duk shekara a ce mana ana dubawa.

Saboda haka, babban mai ƙaddamarwa da sauran masu hannu da shuni, in kun tashi sayen kwafi ku tuna marubucin ya amince a zuba wani kaso a asusun fita bincike na ɗalibai. Akawu na nan bakin ƙofa da rasit, kuma mun fi son kuɗi hannu a kan alkawari.