Neman Launin Rawaya Don Fitar Da Hoto Da Hannu



Akwai wata tsohuwar hanya ta fitar da hoto wadda jarinta takarda ne, da ƙaro, da garin launi, da hasken rana. A shekarar 1855 wani Bafaranshe, Alphonse Poitevin, ya nuna cewa in aka cuɗa ƙaro da launi da gishirin da ake kira dikuromet, aka shafa a takarda, aka ɗora fim aka shanya, to duk inda rana ta ratsa sai ƙaron ya daskare ya riƙe launin, saura kuwa ruwa ya tafi da shi. Mai son hoto mai launi sau uku yakan shafa: rawaya, da ja, da shuɗi. A cikin ukun nan rawaya ce mai ba da wahala.

Dalili kuwa, ba ta zama a kasuwa. Rawayar Indiya, wadda aka ce daga fitsarin shanun da aka ciyar da ganyen mangwaro ake samunta, ta ɓace tun farkon ƙarni na 20. Rawayar kurom tana da dalma, ga guba, ga duhu in ta daɗe. Wata kuma mai ruwan zinariya, wadda masu zane suka ƙwallafa wa rai, ashe albarkacin masu fentin motoci suke ci. Da waɗannan suka daina saye sai aka daina yinta, ragowar da kamfanin Daniel Smith ya tara ta ƙare a 2017.

To, mu fa? Sunan launin ma daga tsiro muka samo shi, wato rawaya, mai fure da rani dab da ƙasa bayan an ƙone daji, wadda da saiwarta ake rini. Dukawa kuma suna da gangamau. Amma ku tambayi dattawan Gaya da Ajingi nisan da mutum zai yi yau kafin ya haƙo rawaya, tun da gonaki sun cinye saura, galura kuma ta kori rinin gida.

Sai dai kada kishin namu ya rufe mana ido. Rawaya da gangamau rini ne, narkewa suke yi su kama takardar gaba ɗaya, don haka ba su dace da aikin ƙaro ba. Wurinsu shi ne hanyar da Sir John Herschel ya bayyana a 1842, inda rana ke kashe ruwan tsiro ta bar siffa. Mu jiƙa hoton gangamau da ruwan kanwa, ya koma ja-ja, ya yi kyau, amma koɗewa zai yi.

Abin da ƙaro ke so gari ne wanda ba ya narkewa, kuma babu mai jure rana kamar ƙasa mai ruwan ɗorawa, wadda tsatsar ƙarfe ke ba ta launi. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka isa Dala wajen neman tama. Jikokinsu ba su rasa idon gane ƙasa ba. In mun je hutu, mu duba gaɓar rafi da bakin kududdufi, mu ɗebo, mu daka, mu dama da ruwa, yashi ya kwanta, mu tsiyaye mai laushin. Mu shafa a takarda, mu rufe rabi, mu rataye a taga har wata uku, sa'an nan mu buɗe mu gwada.